Tuba da Ƙofar Fita: Tarke a kan Tsarin Gyaran Hali na Kurkukun Angola

Gabatarwa



Duk wanda ya bibiyi muhawarar da ake yi a Amurka game da rawar da addini yake takawa wajen gyaran ɗaurarru, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da sunan Angola. Wannan shi ne babban kurkukun jihar Luwiziyana, kuma mafi girman kurkuku mai tsananin tsaro a ƙasar baki ɗaya. An daɗe ana kiran sa wurin da ya fi kowane kurkuku zubar da jini, sai ga shi daga tsakiyar shekarun 1990 ya koma wurin da 'yan majalisa da limaman coci da masu bincike suke kai ziyara don ganin abin da shugabanninsa suka kira gyaran ɗabi'a. Wasu jihohi, kamar Tekzas, sun kwaikwayi tsarin.

Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan tsari da ma'auni biyu: abin da tarihin wurin ya tabbatar, da abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa game da tsarewa da tuba. Abin da za mu kafa hujja a kansa shi ne, Angola ta gyara zaman cikin kurkuku gyara na gaskiya, amma dokar jihar ta raba tuba da sakamakonta, har waɗanda aka fi gyarawa suka zama su ne ba za su taɓa fita ba. Mas'alar ta shafe mu. A 2019 Nijeriya ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, a 2023 kuma gyaran tsarin mulki ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen. Malaman da za a nemi shawararsu a kan wannan suna bukatar sanin abin da ya yi kyau da abin da ya gurgunce a inda aka riga aka gwada.

Tushen Wurin

Angola fili ce mai faɗin eka 18,000, kogin Misisipi ya kewaye ta ta fuskoki uku. Kafin yaƙin basasar Amurka gonakin bayi ne mallakar Isaac Franklin, ɗaya daga cikin manyan dillalan bayi na zamaninsa, kuma sunan wurin na ƙasar Angola ta Afirka ne. Gyara na 13 ga tsarin mulkin Amurka, wanda ya haramta bauta a 1865, ya togace wanda kotu ta samu da laifi. Ta wannan kafa ce Samuel James, wanda ya sayi gonar a 1880, shi da magadansa a bayansa suka riƙa noma ta da fursunonin da aka yi haya daga hukuma, har zuwa 1901 lokacin da jiha ta karɓi wurin. Har yau ana fita da layin ɗaurarru zuwa gona, mafi yawansu baƙar fata, kuma mafi ƙarancin ladan aikin senti 2 ne a awa.

A farkon shekarun 1950 fursunoni sama da talatin suka yanke agarar ƙafafunsu don nuna ƙin azabar aikin gona. Zuwa farkon shekarun 1970 wasu fursunoni ne ake bai wa bindiga su yi gadin 'yan uwansu, soke-soke da wuƙa da cin zarafin raunana sun zama ruwan dare. A 1975 kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa halin da ake ciki ya saɓa wa tsarin mulki, ta sanya kurkukun ƙarƙashin sa idonta.

Akwai wani sauyi na doka da ba za a fahimci Angola ba sai da shi. Tun daga 1926 al'ada ta gudana cewa mai ɗaurin rai-da-rai, in ya kyautata hali, ana duba yi masa sassauci bayan shekara goma da wata shida. A cikin shekarun 1970 majalisar jihar ta riƙa tsuke wannan hanya, ta soke dokar a 1979. Daga nan ɗaurin rai-da-rai ya zama zama har mutuwa ba tare da sakin talala ba, kuma shi ne hukuncin dole ga kisa mai daraja ta biyu, wanda ya haɗa har da wanda ya shiga fashin da aka rasa rai a cikinsa ko da ba shi ya yi kisan ba. Sakamakon haka mafi yawan mazauna Angola, waɗanda suka haura 5,000 a shekarun da muke magana a kansu, mutane ne da ake sa ran a can za su mutu.

Abin da Aka Gina

A 1994 majalisar tarayya ta hana fursunoni tallafin karatun gaba da sakandare da ake kira Pell, kwasa-kwasan kwalejoji a kurkukun ƙasar suka rushe kusan baki ɗaya. A shekara mai bi Burl Cain ya zama shugaban Angola, ya gayyaci kwalejin horar da limaman ɗariƙar Baftis da ke New Orleans ta buɗe reshe a cikin kurkukun da kuɗin masu ba da gudummawa. Ɗaurarru suka fara karatun digiri na shekara huɗu. Waɗanda suka kammala aka naɗa su masu hidimar addini: suna jagorantar majami'un da fursunoni ke tafiyarwa da kansu, suna ziyartar marasa lafiya da na ɗakunan horo, suna isar da labarin rasuwa ga wanda aka yi wa rashi a gida. Har aka riƙa tura wasunsu zuwa sauran gidajen yarin jihar. Ra'ayin Cain shi ne, koya wa mai laifi sana'a ba tare da gyara ɗabi'arsa ba ƙara masa wayo ne kawai.

A ƙarshen shekarun 1990 aka buɗe sashen jinyar waɗanda ajali ya kusanto, inda ɗaurarru masu sa kai suke wanke majinyaci, su ciyar da shi, su zauna a gefensa dare da rana har ya cika. Aka daina binne mutane a akwatin kwali, kafintocin cikin kurkukun suka riƙa ƙera akwatunan katako. A ɗaya daga cikin irinsu aka binne shahararren mai wa'azin nan Billy Graham a 2018.

Ɓangaren da ya shafi komawa cikin al'umma kai tsaye ya fara ne a 2010, lokacin da alƙalai biyu na kotun manyan laifuka ta New Orleans, Arthur Hunter da Laurie White, suka kafa kotun mayar da ɗaurarru cikin jama'a. Wanda aka samu da laifin da ba na zubar da jini ba, hukuncinsa bai wuce shekara goma ba, ana iya tura shi Angola ya yi kimanin shekara biyu. A can zai sami shaidar da ta yi daidai da ta sakandare, ya ƙware a wata sana'a kamar walda ko kanikancin mota ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki, har ya sami takardar shaidar da masu ɗaukar ma'aikata suka amince da ita. Masu koya masa sana'ar da masu yi masa tarbiyya mafi yawansu masu ɗaurin rai-da-rai ne. In ya cika sharuɗɗa sai ya koma gaban alƙalin da ya yanke masa hukunci, a mayar da sauran wa'adinsa ɗaurin talala, alƙalin ya ci gaba da bibiyar sa.

Abin da Ya Cancanci Yabo

Adalci ya wajabta a faɗi alherin tsarin kafin a faɗi aibinsa, ko da waɗanda suka gina shi ba ma'abota addininmu ba ne. Abu na farko shi ne mutunta majinyaci da gawa. Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan Hijira, ya kai wa Halifa Haruna Rashid kuka a littafinsa na Kharaj cewa baƙo yakan mutu a kurkuku ya kwana a yashe, sai 'yan uwansa ɗaurarru sun yi karo-karo kafin a kai shi kabari ba wanka ba likkafani ba salla. Ya nemi a ɗauki nauyin wannan daga baitulmali, a yanka wa ɗaurarru kuɗin abinci na wata-wata, a ba su tufafin sanyi da na zafi. Wanda ya san wannan ba zai raina abin da Angola ta yi a sashen jinya da maƙabartarta ba.

Na biyu, tsarin ya ɗauki ɗaurarre a matsayin mai iya bayarwa. Mutumin da ya kashe rai, aka ɗora masa amanar jinyar wani ko tarbiyyar matashi, ya sami hanyar aikata alherin da malamanmu suka ce shi ne alamar ingancin tuba. Suratu Yusuf ta nuna Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana karantar da abokan zamansa biyu a kurkuku, kuma sun nemi fatawarsa ne saboda kyautatawar da suka gani a tare da shi. Kurkuku yana iya zama makaranta, kuma malaminta yana iya fitowa daga cikinta.

Na uku, kotun mayarwa ta bar alƙali ɗaure da makomar wanda ya hukunta. Wannan ya dace da abin da littattafan ladubban alƙalanci suka nanata, cewa daga cikin abubuwan da sabon alƙali zai fara dubawa akwai halin waɗanda ke tsare.

Tarke na Farko: Da'awar Sanadi

Magoya bayan tsarin sukan ce kwalejin addini ce ta kashe wutar rikici a Angola. Raguwar rikicin tabbas ce, amma jingina ta ga sanadi ɗaya yana bukatar hujja. Kashe-kashe sun fara raguwa sosai tun bayan hukuncin 1975, lokacin da aka soke gadin fursunoni, aka ƙara yawan gandirobobi, aka rage cunkoso, shekara ashirin ke nan kafin zuwan Cain. Sannan mazauna wurin sun tsufa, kuma sanannen abu ne a ilimin nazarin laifuka cewa ta'adi yana raguwa da ƙaruwar shekaru. Bugu da ƙari, tsoro bai gushe ba. Sansanin horo na Camp J ya ci gaba da aiki har 2018, kuma a wannan kurkukun ne Albert Woodfox ya shafe mafi yawan shekaru kusan 44 da ya yi a ɗakin kaɗaici kafin a sake shi a 2016.

Michael Hallett da Byron Johnson da abokan aikinsu sun yi bincike mai zurfi a wurin, suka fitar da littafi mai suna The Angola Prison Seminary, inda suka nuna alaƙa tsakanin riƙon addini da sauyin yadda ɗaurarre yake kallon kansa. Aiki ne mai daraja, sai dai yana da iyaka biyu. Ta farko, waɗanda ake ɗauka kwalejin zaɓaɓɓu ne, masu tarihin kyakkyawan hali, don haka da wuya a rarrabe abin da karatu ya haifar da abin da ɗalibi ya zo da shi. An ga irin wannan a binciken 2003 kan shirin InnerChange na Tekzas: waɗanda suka kammala sun fi sauran tsira daga sake kamu, amma da aka haɗa da waɗanda suka fara ba su gama ba, fifikon ya ɓace. Ta biyu, daina laifi a Angola ana auna shi ne a inda babu kuɗin haya, babu neman aiki, babu tsoffin abokai. Natsuwar da aka gani a bayan shinge shaida ce, amma ba ta kai matsayin jarrabawar kasuwa da unguwa ba.

Tarke na Biyu: Addini a Hannun Mai Mabuɗi

Inda mai riƙe da mabuɗi shi ne mai kira zuwa ga addini, ikhlasi yana cikin haɗari. A kurkuku kowane ƙaramin gata yana da nauyi: aikin inuwa maimakon gona, ɗakin kwana mai sauƙi, kyakkyawar shaida a gaban hukumar afuwa. Idan aka fahimci cewa hanya mafi kusa zuwa ga waɗannan ita ce aƙidar shugaba, to an buɗe ƙofar riya ga mai rauni, an kuma tauye wanda ya tsaya a kan nasa addinin. Bayan rushewar tallafin Pell, digirin da aka fi sanin Angola da shi na ɗariƙa ɗaya ne. A 2009 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta shigar da ƙararraki biyu a madadin ɗaurarrun Angola, ɗaya ɗan Katolika, ɗaya mabiyin ƙungiyar Nation of Islam, kan tauye musu damar ibada. A jihar Ayowa kuwa kotun tarayya ta yanke hukunci a 2006 cewa ɗaukar nauyin shirin InnerChange da kuɗin gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aibin na wani addini ne shi kaɗai. Da shugaban kurkuku Musulmi ne, ya mayar da halartar darasi sharaɗin samun sauƙi, da hukuncin bai sauya ba. Ƙissar Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ta ishe mu ma'auni. An ɗaure shi a ginshiƙin masallacin Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tambayar sa halinsa har kwana uku, sannan ya yi umarni a sake shi ba da wani sharaɗi ba. Sai da aka kwance shi ya tafi ya yi wanka, ya dawo da ƙafarsa ya musulunta. Abin da ya gani yana ɗaure ya yi masa tasiri, amma shahadarsa ta zo ne yana da ikon tafiya.

Haɗari na biyu shi ne addini ya zama mayafin da ke rufe haƙƙoƙin da hukuma ta gaza saukewa. A 2021 alƙaliyar tarayya Shelly Dick ta yanke hukuncin cewa kulawar lafiya a Angola ta gaza abin da tsarin mulki ya wajabta. Kurkukun da ya yi suna wajen kyautata wa mai mutuwa, sai ga shi an same shi da sakaci wajen yi wa mai rai magani. Haƙurin ɗaurarre ibada ce tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ya sauke wajibin da ke kan mai tsare shi.

Tarke na Uku: Tuba da Babu Ƙofa

Nan ne babban giɓin tsarin. A kotun mayarwa, malamin walda da mai tarbiyya sun shekara ashirin ko talatin ba a same su da laifi ba, hukuma ta amince musu har ta damƙa musu matasa, amma ɗalibi ne yake fita, malami ya koma ɗakinsa. Hukuma tana shaida da aikinta cewa mutumin ya gyaru, tana kuma musantawa da dokarta. Cain kansa ya sha faɗin cewa kurkuku wurin masu haɗari ne, bai kamata ya zama gidan tsofaffi masu jiran mutuwa ba. Hanyar da ta rage ita ce sassaucin gwamna, wadda take buɗewa ko rufewa gwargwadon iskar siyasa: Bobby Jindal, wanda ya yi mulki daga 2008 zuwa 2016, ƙalilan ƙwarai ya sanya wa hannu.

Ba za mu yi da'awar cewa fiƙihu ya fi sassauci a kowace fuska ba, domin kisan ganganci hukuncinsa ƙisasi ne idan waliyyan jini suka nema. Abin lura shi ne, a fiƙihu kowace hanya tana da ƙarshe sananne. Idan waliyyai suka yafe, ko suka karɓi diyya, ƙisasi ya faɗi, kuma a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, ana yi wa wanda aka yafe wa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. A dokar Luwiziyana iyalan mamaci suna iya bayyana ra'ayinsu, amma afuwarsu ba ta sauke hukunci. Haka nan malamai sun san tsarewa marar wa'adi ga wanda sharrinsa ya addabi mutane, sai dai sun rataya ta ga bayyanar tuba. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim sun bayyana tsarewa ta shari'a da cewa hana mutum sakewa ce don wata manufa, ba lallai cusa shi a ƙuntataccen wuri ba. Abin da aka yi don manufa kuwa yana gushewa idan manufar ta tabbata.

Mai ja zai ce tuba aikin zuciya ce, hukuma ba ta da hanyar sanin ta, kuma kuskure ɗaya yana iya cin ran wani. Wannan magana ce mai nauyi. Amsarta ita ce malamai ba su taɓa ɗora hukunci a kan abin da ke ɓoye a zuciya ba, sun ɗora shi a kan zahirin da ya ɗore, shi ya sa wasunsu suka sharɗanta wa mai tuba wa'adin gwaji na kimanin shekara kafin a karɓi shaidarsa. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, to akwai waɗanda suka wuce arba'in ɗin. Henry Montgomery yana da shekara 17 ya kashe wani jami'in tsaro a 1963. Ƙararsa ce ta sa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2016 cewa hanin da ta yi a 2012 na ɗaurin dole har mutuwa ga masu ƙarancin shekaru ya shafi har waɗanda aka riga aka ɗaure. Wasu da dama suka fita ta ƙofar da ya buɗe, shi kuwa sau biyu ana hana shi, sai a watan Nuwamba na 2021 aka sake shi yana da shekara 75.

Akwai kuma tambayar ingancin hukuncin tun asali. Har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 2018, Luwiziyana tana ɗaure mutum ko da biyu daga cikin mutum goma sha biyu masu yanke hukunci ba su gamsu da laifinsa ba. Kotun Ƙoli ta haramta wannan a 2020, amma a 2021 ta ce hukuncin bai tilasta sake shari'ar waɗanda ƙararsu ta riga ta ƙare ba. Shirin gyaran hali yana farawa ne da neman mutum ya amsa laifinsa. Ga wanda aka zalunta, wannan wani zaluncin ne a kan na farko. Annabi Yusuf da aka zo fitar da shi, bai fita ba sai da aka binciki lamarinsa aka wanke shi.

Tarke na Huɗu: Bayan Ƙofa

Ga wanda ya fita ma, tsugune ba ta ƙare ba. Binciken hukumar ƙididdiga ta Ma'aikatar Shari'ar Amurka kan waɗanda aka saka daga gidajen yarin jihohi 30 a 2005 ya nuna an sake kama kashi 68 cikin ɗari a shekara uku, kashi 83 a shekara tara. Tarihin laifi yana bin mutum wajen neman aiki da hayar gida da lasisin sana'a. Kotun mayarwa tana ɗaukar adadi kaɗan ne, alhali wani babban kaso na ɗaurarrun jihar suna zaune a gidajen yarin ƙananan hukumomi, inda irin waɗannan shirye-shirye suka yi ƙaranci, kuma daga can ne da yawa suke fita.

Hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, wanda yake a Bukhari da Muslim, ya ƙunshi fiƙihun wannan babi. Malamin da ya tambaya bai tsaya ga yi masa bushara da karɓar tuba ba, ya umarce shi ya bar garinsu ya koma garin mutanen kirki. Tuba tana bukatar muhallin da zai riƙe ta. Haka nan lokacin da wani ya la'anci mutumin da aka yi wa haddin giya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, don kada a taimaki Shaiɗan a kansa. Kuma jumhurun malamai, saɓanin Hanafiyya, sun tafi a kan cewa wanda aka yi wa haddin ƙazafi idan ya tuba ana karɓar shaidarsa. Ma'anar wannan ita ce hukunci yana ƙarewa, adalar mutum tana dawowa.

Abin lura ne cewa waɗanda suka fi cike wannan giɓi a Luwiziyana tsoffin ɗaurarru ne. Andrew Hundley, wanda aka saka a 2016, yana cikin waɗanda suka kafa Louisiana Parole Project, mai tanadar masauki da jagoranci ga waɗanda suka daɗe a tsare. Norris Henderson, wanda ya bar Angola a 2003, ya kafa ƙungiyar VOTE, wadda ta yi fafutikar dokar 2018 da ta mayar wa dubban masu tarihin laifi 'yancin zaɓe. Ita kuwa hukuma ba ta tsaya a kan turba ɗaya ba. A 2017 jihar ta yi dokoki goma na rage yawan ɗaurarru da zuba mafi yawan rarar kuɗin cikin shirye-shiryen gyara da tallafin waɗanda aka zalunta. A 2024, a ƙarƙashin Gwamna Jeff Landry, ta soke sakin talala ga mafi yawan laifukan da aka aikata daga 1 ga Agusta na shekarar.

Kammalawa

Angola ta tabbatar da cewa mutumin da ya aikata mafi munin laifi yana iya zama malami da mai jinya da amintacce, kuma wannan hujja ce a kan duk mai ganin ɗaurarre ya gama lalacewa. Amma ta nuna kuma cewa shirin gyara ba ya iya cike gurbin dokar da ta ƙi amincewa da gyaruwa. Wanda zai ɗauki darasi daga gare ta, ya tambayi kowane shirin gyaran hali abubuwa huɗu: shin an tabbatar da laifin wanda ake gyarawa ta hanyar adalci, shin ana karantar da shi ba tare da an sayi imaninsa da gata ba, shin akwai lokaci sananne da wata hukuma za ta duba halinsa ta iya sakin sa, kuma wa zai karɓe shi ranar da ya fito. Tambaya ta ƙarshe ba ta gwamnati kaɗai ba ce. Ta shafi limamin unguwa, da mai gidan haya, da mai shagon da zai ɗauki yaro aiki, da hukumomin zakka da waƙafi. Malamin da ya yi wa ɗaurarre wa'azin tuba ya ɗauki nauyin tsaya masa idan ya tuba. Allah ne mafi sani.